Bayani A Kan Rufe Bayan Akori-Kura Da Tsare Kayan Amana A Cikinsa

 

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, na san wani zai yi mamaki ya ga mai koyar da karatun allo ya ɗauki alƙalami yana maganar mota, alhali shi ba direba ba, ba kuwa makaniki ba. To, hasara ce ta koya mini. Ita ta kai ni gaban masu walda da kafintoci da masu fenti, na durƙusa ina tambaya kamar yadda ƙolo ke tambayar baƙin da ya shige masa duhu. Abin da na samo wurinsu na haɗa shi da abin da ke cikin littattafanmu na fiƙihu, na ga ya kamata in shimfiɗa muku, domin yawancinmu ko dai muna ɗaukar kayan mutane, ko kuwa ana ɗaukar namu.

Wata shekara muna komowa gida daga cin rani, ruwan shuka ya matso, na yi shatar wata akori-kura ta kwashe mana kaya. Na zaɓe ta daga cikin motocin tashar saboda an yi mata akwatin ƙarfe a baya, rufaffe ta ko'ina, an shafe shi da koren fenti, ga ƙyaure biyu da sakata da kwaɗo. Na shaida wa direban akwai littattafai cikin kayan. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ko ruwan Ɗufana aka yi babu abin da zai taɓa su." Alƙur'ani dai na riƙe shi cikin gafakarsa bisa cinyata a gidan gaba. Sauran littattafan, kwali biyu, aka tura su can ƙurya jikin bangon da ke bayan direba, aka jera alluna da tabarmi da buhunan tsaba a bayansu. Na so in cusa ƙananan yara huɗu tare da kayan, wuri ya ƙi, tilas na biya musu kuɗin bas tare da manyan, ina ta jin zafin kuɗin a raina.

Mun yi kamar rabin tafiya hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ni kuwa hankalina kwance. Da muka sauka aka shiga fitar da kaya, tabarmi a bushe, alluna a bushe, amma da aka jawo kwalin farko sai gindinsa ya zube. Ashe ruwa ya kwanta a ƙuryar nan zurfin yatsa biyu. A ƙasan kwalin akwai Risala rubutun hannun mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wadda ya cika gefunanta da fassarar ajami da ya ji daga bakin malamansa. Kun san tawadarmu, gawayi ce da ƙaro, an yi ta don ta wanku daga allo, ba ta jayayya da ruwa. Kusan sulusin littafin ya koma baƙin tabo. Direban ya tsaya ya rasa bakin magana, can ya ce, "Malam, me shari'a ta ɗora mini?" Ban amsa masa ba a ranar, gama mai fushi ba ya hukunci, balle a kan abin kansa. Na ce sai na san ta inda ruwan ya shiga tukuna.

Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan mota da muke kira akori-kura, watau mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen wurin kaya a baya, mun saba da ita ne ta hanyar Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, na 504 ya biyo baya a 1968, kuma masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motocin kamfanin a 1975. Toyota Hilux ta Japan ita ma a 1968 ta fara fitowa, ga ta nan yau ta cika hanyoyinmu. Waɗanda suka ƙera su sun bar bayan a buɗe da gangan, sun yi lissafin ruwa zai zuba ciki, ya tsiyaye ta ƙofofin da suka huda masa, iska ta kaɗa, rana ta busar. Ranar da ka aza rufi a kai ka kori rana da iska, su ne kuwa ma'aikata biyu da ke tsare wurin ba da lada ba. Aikinsu ya koma wuyanka. In ba ka yi shi ba, rufaffen baya ya fi buɗaɗɗe ɓarna, domin mai buɗaɗɗe yana ganin hadari zai tsaya ya ja tamfol, mai rufaffe kuwa yana tafe da sakankancewa irin tawa.

Mu fara daga ƙasa, ko da yake ido sama yake kallo. Fataken da, masu zuwa Gwanja saro goro, ba sa aza kaya a gadon bayan jaki sai sun shimfiɗa akumari, saboda sun san in baya ya yi miki tafiya ta ƙare, komai ƙarfin ƙafafu. Daɓen akori-kura shi ne gadon bayanta. Fallen ƙarfe ne marar kauri, abin da ke tsare shi fatar fenti ce kawai. Duk ranar da aka ja bakin ganga ko ƙafar injin ban-ruwa a kansa, fentin ya kankare, ƙarfe ya fito fili. Ita kuwa tsatsa abu uku take nema, ƙarfe da ruwa da iska, in ta sami gishiri a ciki sai ta yi gudu. To duba irin kayanmu: gishiri, da kanwa, da manda, da takin zamani, da fatun da aka barbaɗa wa gishiri, da ruwan batir, ga fitsarin awaki da tumaki ranar kasuwa. Gishiri da taki ba sa ma jiran ruwan sama, da kansu suke jawo danshi daga iska. Garinsu ya shige cikin lungunan daɓe ya kwanta, yana ci a hankali, har ranar da ƙafar ɗan dako za ta burma.

Saboda haka gyaran daɓe kafin a aza akwati ake yinsa. A kankare tsatsar da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, a shafa jan fentin nan na farko da ke kama ƙarfe, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a bi shi da fentin sama sau biyu. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa don ya huce wahalar kankara, kamar wanda ya yi wa ruɓaɓɓen bango yaɓe ne. A zamanin nan akwai wani ruwan roba mai kauri da ake fesawa ya daskare jikin ƙarfe, ba ya barin sarari tsakaninsu, wanda ya sami hali ya yi shi ya huta. Amma shimfiɗar roba da ake yankowa a jefa, da kwamin roba mai tauri da ake zurawa cikin bayan gaba ɗaya, su biyun nan ina jin tsoronsu. Yashi na shiga ƙarƙashinsu yana goge fenti duk sa'ad da mota ta girgiza, ruwa kuma in ya shiga ba ya fita. Sama tas, ƙasa ruɓa. Mai su lalle ya riƙa ɗagawa yana sharewa yana shanyawa.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne dandamalin katako. A sami busassun falankai na ice mai tauri, irin maɗaci ko ƙirya, a jera su bisa 'yan sanduna da za su ɗaga su daga daɓe kamar yatsa biyu ko uku, a bar 'yar tazara tsakanin kowane biyu, a yi shi gida biyu yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya fitar. Kada a kafa shi da ƙusa cikin daɓen, domin kowace huda ƙofar tsatsa ce. Ruwan da ya shiga sai ya bi ƙarƙashi ya nemi mafita, kaya suna sama ba su sani ba. Da an yi wa motarmu wannan, da yau Risalar nan na hannuna lafiya. Mafitar ruwan kuwa tana nan, 'yan huji ne da masana'anta ta bari a kusurwoyin gaba. Da muka ɗaga shimfiɗar robar motar direbana muka tarar ƙaiƙayi da laka sun toshe su, sun daskare kamar daɓen ɗaki. Guntun waya da ɗan lokacin da bai kai na alwala ba sun isa buɗe su.

Sai maganar rufin kansa. Mafi sauƙi shi ne tamfol bisa gwangwalar ƙarfe. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, iska na ratsawa, sai dai rana na cinsa, wuƙar ɓarawo kuma ba ta jin kunyarsa. In za a yi, a lanƙwasa gwangwalar ta yi ƙoƙuwa don kada ruwa ya sami wurin zama, a ja tamfol ɗin ya sauko ta wajen bango ya rufe bakinsa, a ɗaure shi tam, gama tamfol da ke kaɗawa a hanya ba ya shekara. Akwatin ƙarfe shi ne ya fi tsare kaya daga hannu, shi ya sa masu kai atamfa daga Kantin Kwari da masu kayan masarufi suka fi sonsa. Akwai kuma na alminiyam, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi, mai sauƙin nauyi, ba ya yin jar tsatsa. Amma in ya haɗa jiki da baƙin ƙarfe, danshi mai gishiri ya shiga tsakaninsu, sai ya riƙa cinyewa yana zama farin gari, don haka ake raba su da roba.

Ko wanne aka zaɓa, wurin da hankali ya kamata ya tsaya shi ne mahaɗa, inda akwati ya zauna bisa bakin bangon mota. Nan ne asirinmu ya tonu. Wani tsohon mai walda da muka kai wa motar bai ko buɗe ƙyaure ba, ya shafa gefe da hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai mazurari aka yi muku." Wanda ya ƙera akwatin ya zura shi ne ta cikin bakin bango, saboda haka duk ruwan da ya gangaro daga rufi da gefuna ciki yake faɗawa. Ya ce mini in duba jinkar ɗaki, ko na taɓa ganin wadda ta tsaya daidai kan bango ba ta zarce ba? Haka akwati ya kamata ya zama, a yi masa leɓe da zai sauko ya lulluɓe bakin bangon ta waje. Ya ƙara da cewa ba a son a manne akwati da jikin mota da walda gaba ɗaya, domin mota na murɗawa a kan gargada, walda kuwa ba ta murɗawa, tsagewa take. A shimfiɗa zirin roba tsakani, a ɗaure da noti, kowace huda a shafe ta da fenti kafin notin ya shiga. Rufin a ɗan tayar da tsakiyarsa, a yi ɗan indararo bisa ƙofa, a zagaye ƙyaure da roba. Ya gargaɗi direban kada ya yarda kowa ya sa wutar walda ko ya huda manyan ƙarafan da ke ɗauke da motar daga ƙasa, kuma kada a fara walda sai an cire wayar batir, an san inda tankin mai yake.

Gwajinsa ma ya ba ni sha'awa don sauƙinsa. Da rana tsaka, inji a kashe, mutum ya shiga a rufe shi, ya duba. Duk inda ya ga tsinin haske ya sa alli, domin inda haske ya bi ruwa zai bi. Sa'an nan a kwarara bokitai bisa rufi yana ciki yana kallo. Wannan kafin a biya mai aiki ake yinsa.

To an hana ruwan waje, saura na ciki. Akwatin ƙarfe da ya yini a ranar bazara tanda ne. Kayan gona kuwa suna numfashi, suna fitar da danshi. Da dare in ƙarfe ya huce, wannan danshi sai ya taru a rufi ta ciki kamar gumin murfin tukunya, ya riƙa ɗiga bisa buhuna. Mai kaya ya zo da safe ya ga jiƙa, ya rantse rufi na yoyo, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Masu goro sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa suke naɗe shi da ganye cikin huhu suna neman masa inuwa, zafi kaɗan ke sa shi ya yanƙwane. Albasa da tumatir da tattasai ba su da abin yi da rufaffen ƙarfe, nasu tamfol ne ko rumfa mai buɗaɗɗun gefuna. Maganin asibiti ma zafi na rage masa ƙarfi. Jarkar fetur da tukunyar gas kuwa, tururinsu in ya taru a rufaffen wuri tartsatsi ɗaya yake jira.

Gyaɗa da masara su ne abin tsoro, domin ɓarnarsu ba ta tsayawa kan aljihu. In suka sha danshi cikin zafi wani fumfuna na kama su, yana haifar da dafin da masana ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wanda dahuwa ba ta kashe shi. An gano shi ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talotalo kimanin 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masarar da ya kama. Mai ɗaukar hatsi daga Dawanau da zai kwana a hanya ya tuna da wannan. Maganin abin ba shi da tsada: farin fenti a rufi don ya mayar da rana, silin na katako ko tabarma ta ciki don kada gumi ya ɗiga, da 'yan tagogi a sama masu hula da raga, iska ta shiga ruwa da ɓera su tsaya waje. Kuma kada a bar kayan gona su kwana biyu a kulle.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai, yadda za a rufe akwati ruf, a yi tafiyar hunturu, a buɗe a tarar atamfa ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Dalilinsa shi ne mota in tana gudu tana keta iska, sai ta bar wani gurbi a bayanta mai tsotsa, ƙurar da tayoyi suka tayar ta yi ta juyawa a nan, ta bi kowace kafa ta ƙyaure ta shige. Toshe kafofi kaɗai ba ya gamawa da ita. Dabarar masu sani ita ce a buɗe ƙaramar taga a saman rufi ta gaba, bakinta na fuskantar inda aka dosa, da raga da murfin da za a rufe in ana ruwa. Iska mai tsabta ta cika akwatin ta riƙa turawa waje ta kafofin baya, ƙura ta rasa hanya.

Ya ku malamai, nan nake so ku tsaya ku saurara, domin hanyar da ƙura ke bi ita hayaƙin salansa ke bi. Cikin hayaƙin nan akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce ke kashe masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari, ita ce ke kashe masu kunna janareta a cikin gida. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar numfashi. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci, yaro kuwa in ya yi barci a mota wa zai ce wani abu ya same shi? Likitocin Amurka sun rubuta labarin yaran da aka ɗauka a rufaffen bayan irin wannan mota, aka isa aka tarar waɗansu a sume, waɗansu sun cika, iyaye suna gidan gaba ba su ji komai ba. Daɓen da tsatsa ta huda da salansa mai yoyo suna ƙara haɗarin. Ranar da na fahimci wannan na tuna yara huɗun nan da na so cusawa tare da kaya don in tsira da kuɗin bas, jikina ya yi sanyi. 'Ya'yan mutane ne aka damƙa mini. Akwatin kaya ba wurin mutum ba ne, ko da taga ko babu, kuma dabba ma haka.

Nauyi kuwa lissafi ne da kowane falke zai iya. Irin waɗannan motoci ɗaukarsu kimanin tan ɗaya ce, watau kilo 1,000. Buhun siminti kilo 50 ne, ashirin ke nan. Babban buhun hatsi yana kusan kilo 100, goma ke nan. Cikin wannan adadi har da direba da yaron mota da wanda ya zauna gaba, har da akwatin da dandamalin katako. In akwatinka ya kai nauyin buhun siminti uku, to uku sun fita daga lissafi har abada, ko da kaya ko babu. Na san abin da za a ce mini, ai an ƙara mata fallen sifirin. Sifirin yana hana ta durƙusawa ne kawai, bai ƙara wa burki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba. Raƙumin da aka ɗaure wa gwiwa da kara bai zama raƙumi biyu ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, tun kafa ta a 1988, tana ta gargaɗi kan lodin da ya wuce kima da gwama mutane da kaya. Mai nauyi a ƙasa yake zama, can gaba, tsakanin gidan direba da tayoyin baya. In aka tara shi a wutsiya gaban mota na yin sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. In aka ɗora shi bisa rufi kuwa, a kwana ta farko mai kaifi za a ga sakamako.

Cikin akwatin a kafa zobban ƙarfe a gefuna na ɗaure kaya, domin buhun da ba a ɗaure ba ranar taka burki makami ne. A ƙarfafa bangon da ke bayan direba. A yi kanta a sama ta littattafai da takardu da abin fashewa. A ware gida guda mai murfi na kananzir da maganin ƙwari da sabulu, gama gari da ganyen shayi da madara suna ɗaukar wari, maganin ƙwari kuwa ba wari kaɗai yake bari ba. Ga wani abu da ake mantawa: mutum ya sayi kwaɗo mai tsada, ya bar maratayar ƙyaure a waje yadda guduma ɗaya za ta fitar da ƙusarta. A toshe kan ƙusar da walda. A sa kuma abin buɗewa ta ciki, don kada iska ta rufe ɗan dako.

Yanzu sai tambayar direbana. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda aka yi haya don ya ɗauki kaya amini ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Risala ta Ibn Abi Zaidin ta kawo hukuncin mai jirgin ruwa, cewa babu ramuwa a kansa, amma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Babin na cikin abin da ruwan ya ci, sai da na aro ta ɗab'i wurin maƙwabci na sake dubawa. Malamanmu sun keɓe abinci: mai ɗaukar abinci in ya ce ya ɓace ba a karɓar maganarsa sai da shaida, ko kuwa in mai kayan na tare da shi, domin hannu na saurin kaiwa ga abinci. Saboda haka ƙirga buhuna gaban shaidu da kulle ƙyaure kariya ce ga direba kafin ta zama kariya ga mai kaya. Mai sana'a kuma da aka bar wa abu ya yi aiki a kansa ba a gaban mai shi ba, kamar mai walda da aka bar wa mota, yana lamunin abin da ke hannunsa.

Mas'alar da ta fi kusa da tamu tana cikin Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, ita ce ta igiya. In igiyar da aka ɗaure kaya ta tsinke suka lalace, mai ɗauka ba ya biya, sai fa in ya yi ruɗi da aikinsa, kamar ya ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya yana sane. A ganina rufin da mai mota ya san yana yoyo, da tamfol da ya san ya yage, da daɓen da ya bar taki a kai sa'an nan ya zuba gari, duk 'yan'uwan ruɓaɓɓiyar igiya ne. Wannan fahimtata ce, yanke hukunci na alƙalai ne. Malamai sun rarrabe ruɗin aiki da ruɗin baki, kuma akwai zance mai tsawo in maganar baki ta shiga cikin sharaɗin ciniki. Don haka mai kaya ya faɗi sharaɗinsa a fili gaban shaidu tun ba a yi lodi ba, mai mota kuma ya kama bakinsa daga irin alkawarin ruwan Ɗufana.

Na tambayi direban ko ya san akwatin na yoyo. Ya rantse bayan kaka ya sayi motar da akwatinta, ruwanmu shi ne na farko da ya taɓa dukanta a hannunsa. Na gaskata shi, gama ya fi ni firgita. Sa'an nan na duba nawa kason. Ina tsaye aka ajiye kwalayen a ƙasa, ban ce a ɗora su bisa alluna ba, ban leƙa ƙuryar ba, koren fenti da kwaɗo suka ishe ni hujja. Na biya shi kuɗin shatarsa cif, ban karɓi komai ba, ko da ma na karɓa babu kasuwar da ake sayar da rubutun mahaifina. Abu ɗaya na nema, ya kai motar a gyara ina wurin. Aka ɗaga akwatin, aka kankare daɓe, aka yi masa leɓe da roba da dandamali, shi da kansa ya shiga aka rufe shi, na tsaya ina ƙirga bokitan da yara ke kwararawa har takwas, ya fito da busasshiyar riga.

Ganyen littafin da suka tsira na shanya su a inuwa ɗaya bayan ɗaya, na sake musu tadarishi. Matanin ba wuya, na kwafe shi daga na ɗab'i. Fassarar gefe ce nake bin tsofaffin almajiran mahaifina gari gari ina tambaya, wanda ya tuna wani abu in rubuta. Uku suka rage da rai cikin waɗanda suka sauke littafin a gabansa, kuma akwai wurare goma sha huɗu da har yanzu na bar su fari.